Kada Ki Kai Shi Gyara, Mamana

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinki Sule mai hoto, nan Garwa, zuwa ga 'yata Hauwa'u, Mamana, a ɗakinta na Lagdo.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida mijinki Kabiru da iyayensa da duk wanda ya tako ya yi miki maraba. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki daga sharrin ruwa da na tudu, ya sa baƙunta ta zo miki da sauƙi. Mu nan lafiya, sai zafi, shi kuma kin san shi. Labarin gida mahaifiyarki za ta ba ki a waya, ta fi ni iyawa. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma ba maganar waya ba ce, don idan na ji muryarki ba zan iya ƙarasawa ba.

Ranar da ake loda kayanki a mota na ga kin fito daga ɗakin shirgi rungume da tsohon allon kwamfutata, ekran ɗin nan baƙi mai faɗi, kin naɗe shi da zanen gado. Kin goge shi har yana sheƙi. Kika ce za ki kai shi wurin mai gyara a can, ki buɗe shagon hotonki na mata da shi kafin Allah ya hore miki sabo, wai kayan uba da albarka. Na ce to. Surukaina na tsaye, mahaifiyarki na share hawaye, ni kuwa na ce to kamar wanda aka tambaya ko zai ƙara shayi. Motarku ba ta kai gadar Binuwai ba na fara nadamar wannan to ɗin.

Kada ki kai shi gyara, kada ki gyara wa kowa hoto a kansa. Na san halinki, don nawa kika ɗauko, ba ki barin abu don kawai an ce ki bari, sai an ba ki dalili. To dalilin shi ne abin da na ɓoye muku shekara goma sha ɗaya. Kin tashi kina jin cewa Baffa Hamadu, aminina mai wurin wanke hoto, shi ya kashe mini kasuwa da gurɓatacciyar tawada. Ba haka aka yi ba. Da farko kuskure na yi, daga baya na gano gaskiya na yi shiru, kuskuren ya koma ƙarya. Wannan allon da kika naɗe da zanen gado shi ya ɓata hotunan, ni kuma na ɓata sauran.

Bari in faro miki daga farko, ko da yake wani kin san shi. Wani ɗan'uwanmu mai kawo kaya daga Kano ne ya kawo mini shi, lokacin da duk layinmu masu ƙaton allo mai ƙeya ne. Mutane har tsayawa suke a bakin shago su leƙa. Na juya teburina yadda duk mai wucewa zai gan shi, kin ga tun daga nan ba aiki kaɗai na saye shi ya yi ba. Yadda muke aiki da Hamadu kuwa, ni nake ɗaukar hoto, in zauna in daidaita haske da launi a kwamfuta, in zuba a faifai in kai masa, shi ya wanke a takarda. Shekara ashirin muna haka, tun zamanin fim. Bafulatani ne mai kunya, ba ya ɗaga murya, ba ya kiran sunana sai dai ya ce sobajo, wato aboki. Matarsa Goggo Jenabu ta goya ki fiye da yadda wasu 'yan'uwanki na jini suka ɗauke ki.

A bazarar shekara ta huɗu da sayensa allon ya fara nuna alama. Idan na kunna da safe sai ya fito jaja-jaja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, bayan ɗan lokaci ya washe. Na kai shi wurin Misye Toma mai gyara a bayan kasuwa. Ya buɗe, ya duba, ya ce fitilun da ke haska shi daga ciki sun tsufa, zafi da wasan wuta sun cinye su. Zai iya ciro wasu daga matattun alluna ya sa mini, zai yi haske, amma launinsa ba zai ƙara komawa daidai ba. Har yau ina jin yadda ya faɗa da guntuwar Hausarsa, yana kirana patron, wato maigida: "Patron, wannan yanzu na mai buga takarda ne, ba na mai hoto ba." Raina ya ɓaci. Na ce masa gyara na kawo, ba shawara na zo nema ba. Ya gyara. Sau uku ina kai masa a kan wannan ciwon, sau uku yana maimaita mini maganar, har ya gaji ya daina.

Wannan shi ne kuskurena na farko, Mamana, ki riƙe shi. Mai gyara da gyara yake ci. Ranar da mutumin da zai ƙaru da ke ya ce miki kada ki gyara, ki saurare shi fiye da yadda za ki saurari mai talla. Ba cewa nake duk abin da ya yi tari a jefar ba, ni ɗan kasuwa ne jikan ɗan kasuwa, ba mu san zubar da kaya ba. Idan allonki ya ɗauke, fara duba igiyar da ta haɗa shi da kwamfuta, sau da yawa ita ce, ki canja ta. Ki jona shi a wata kwamfutar ki gani ko ciwon nasa ne ko na uwar ne. Idan wuta ce ta buge shi ya ƙi tashi, wannan ciwon gyara ne, a gyara sau ɗaya, ki nemi na'urar daidaita wuta ki sa masa. Amma idan launi ne ya karkace, fari ya daina zama fari, ko layi ya tsaya a jikinsa, ko kin kai shi gyara ya dawo da ciwon da aka yi masa magani, to ya gama aikin hoto. Kada tausayin kaya ya hana ki faɗin haka.

Kuskure na biyu ya fi na farko wauta, kuma shi nake jiye miki tsoro, don ke ma mai yarda da idonki ce. Jan nan da ke washewa da safe, a hankali ya daina washewa duka. Kullum ana barin kaɗan, ni kuma kullum ina zaune a gabansa, idona yana sabawa. Kin san mai aiki a mayanka ba ya jin ƙarnin da baƙo yake ji tun daga ƙofa. Haka na zama. Sai in buɗe hoton mutum, in ga fuskarsa ta ɗan yi ja, in rage ja har ta yi mini daidai. Alhali jan da nake ragewa ba na hoton ba ne, na allon ne. Idan kuwa kika zare ja daga fatar baƙin mutum, abin da zai rage kore ne da toka. A allo mutum ya fito tas, a takarda ya fito kamar wanda ya tashi daga jinyar wata uku. Ina ta taƙama da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na manta cewa ido ma yana koyon ƙarya idan ya daɗe da maƙaryaci.

Saboda haka ko sabo kika saya, kada ki ba shi amana gaba ɗaya. Ki ajiye farar takarda kusa da shi, duk mako ki buɗe farin shafi ki haɗa su ki gani da hasken rana. Hoton da kika gyara ki tura shi a wayarki da ta mijinki ki duba. Wanda ya fito a takarda ki riƙe shi kusa da allo. Kuma idan wani ya ce miki launin bai yi ba, ko da mai tallan kifi ce, ki tashi ki duba kafin ki buɗe baki. Matan da za su zo wurinki sun zaɓe ki ne don ba sa son namiji ya ɗauke su, wasu sau ɗaya a shekara za su yi kwalliyar nan. Mace ba ta yafe wa wanda ya ɓata mata fuska a takarda, kuma Lagdo ba Garwa ba ce, magana ɗaya ta isa ta zaga gari kafin azahar.

Hamadu ya gaya mini. Wannan ne ke ci mini rai. Ba sau ɗaya ba, ya ja ni gefe ya ce hotunana suna zuwa da kore, na sauran masu kawo masa aiki kuwa lafiya lau, in zo mu buɗe faifaina a allonsa mu gani. Tafiyar minti biyar ce tsakanin shagona da nasa. Ban je ba. Na ce ni da na koya wa rabin masu hoton garin nan riƙe kyamara, ba mai wanki ne zai koya mini launi ba. Ya yi murmushi ya bar maganar, irin tasu ta Fulani.

Sai aka zo bikin 'yar Alhaji Mamman, babban mahaucin nan na kasuwa. Kwana uku ina ɗauka, na cika alba biyu, wato kundin hotuna. Da aka kai masa, bai aiko kowa ba, da kansa ya zo, da rigar aikinsa, ya buɗe alba a kan teburina a gaban mutane. Amarya kore, lallen hannunta kamar an shafa laka, jan leshin uwarta ya koma kalar ƙasa. Ya ce shi mahauci ne, ya san kalar naman da ya kwana, kuma ita na ba 'yarsa. Mutane suka yi dariya. Na juyo allo na nuna masa hoton a ciki, ga yarinya nan kyakkyawa, na ce ga aikina, abin da ke takarda aikin mai wanki ne. Ya duba, ya gani da idonsa, ya yarda. Daga shagona wurin Hamadu ya nufa, ni kuma na bi bayansa.

Abin da na faɗa a ƙofar shagon Hamadu ba zan rubuta shi duka ba. Na ce yana tsinka tawada, yana sayen takardar da ta lalace, ya daɗe yana cin amanata. Ya tsaya da hannu a aljihu yana kallona. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sobajo, kawo faifan mu buɗe a nan." Na ce ba na buɗe aikina a wurin macuci. Ban tsaya nan ba. Na faɗa a majalisa, na faɗa a wurin ɗaurin aure, na faɗa wa sauran masu hoto, su kuma da yake ni ne babba suka janye aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na bar jaki na koma dukan taiki, kuma na dake shi da ƙarfina duka. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon, ya kwashe iyalinsa ya koma Pitowa noman auduga a gonar mahaifinsa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya da niyya ba.

Ki ji ni da kyau a nan. Duk ranar da aiki ya ɓaci kuma akwai hannu biyu a cikinsa, fara bincikar naki hannun. Ba don ke ce mai laifi kullum ba, sai don naki ne kike iya bincikawa ba tare da kin zubar da mutuncin kowa ba. Kuma kada ki yanke hukunci a ranar da aka kunyata ki. Wanda aka yi wa dariya a gaban mutane neman wanda zai miƙa wa kunyar yake, ba neman gaskiya ba, kuma wanda ya fi kusa da shi yake miƙa wa.

Na koma kai wanki wani wuri, hotuna suka ci gaba da fitowa kore. Kin san me na ce? Na ce ai duk wurin dila ɗaya suke sayen tawada. Haka na yi ta yi wa kaina ƙarya ina rasa masu zuwa, har wata rana wuta ta buge allon ya mutu ɗungurum, ga hotunan katin shaida na wasu mutanen Poli da suke jira za su koma a ranar. Na shiga maƙwabta wurin Madam Polin mai buga takardu na ari nata. Na jona, na buɗe. Fuskar farko da ta fito kore ce. Na ce allon Madam ba shi da kyau. Sai na buɗe hoton da ban taɓa ba tukuna, ya fito daidai, mutum kamar ya yi magana. Na nemo na amarya 'yar Alhaji Mamman na buɗe. Ga ta nan yadda take a alba, kore, yadda na gyara ta da hannuna. Da rana tsaka ne, ana kiran sallar azahar, na ja ƙofar shago na zauna ban ko yi alwala ba.

A ranar ya kamata in hau mota zuwa Pitowa. Lokacin wata biyu kacal da tafiyarsa, injin wankinsa ma bai sayar ba, da na je na tsaya a majalisa na janye maganata da wataƙila ya dawo. Na sayi sabon allo, na kai tsohon gida na ce muku ya ƙone, na tura shi ɗakin shirgi. Ban sayar ba don kada ya cuci wani, ban jefar ba, ban kuma san dalili ba. Na ce gobe zan je. Da gobe ta yi na ce sai bayan salla. Bayan salla na ce ai yanzu ya riga ya sayar da inji, zuwan ba zai gyara komai ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi sauran, kuma ba ni da wata dabara da zan ba ki a kansa sai abu ɗaya: ranar da kika gane ke ce mai laifi, a ranar za ki faɗa, kafin ki ci abinci. Idan ya kwana, washegari sai kin nemi gafarar laifin da ta kwanan, kuma kullum nauyin ƙaruwa yake.

Ki dubi abin da shirun nan ya ci. Hotunana sun gyaru amma sunan bai dawo ba, har waya ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Wannan nawa ne, na ci abin da na shuka. Amma mahaifiyarki fa? Saboda kishina ta yanke Goggo Jenabu, ƙawarta tun suna amare. Suna biyu aka yi a gidansu ba ta je ba. Mahaifiyar Jenabu ta rasu, ta ce ba ta taka gidan macuta, ina zaune ina ji na sunkuyar da kai kamar mai haƙuri. Kuma abin da ba ki sani ba, ana saura kwana huɗu bikinki Jenabu ta aiko miki da tukwane jere guda ta hannun wata mai zuwa kasuwa. Mahaifiyarki ta mayar da su ko kwance ƙullin ba ta yi ba, ta zo tana ba ni labari tana jiran in yaba mata. Na ce ta kyauta. Da bakina na ce ta kyauta.

To ga yadda za ki yi da allon. Idan akwai mai buga takardu ko wata makaranta a nan kusa da ku, ki ba su kyauta, ki gaya musu gaskiyar ciwonsa, su kai a gyara musu bugun wutar, rubutu baƙi ne a kan fari, ba zai cuce su ba. Ke kuma ki jinkirta buɗe shago har ki sami sabo, ko ƙarami ne. Jinkirin wata ɗaya ba ya kashe kasuwa. Na yi magana da ɗan'uwan nan namu mai kawo kaya, zai nemo miki, ki bar mini wannan.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa takardar nan ta yi kwana biyar kafin in ƙarasa ta. Washegarin tafiyarki na hau mota zuwa Pitowa. Na same shi a ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gida yana gyara buhuna, ya tsufa fiye da shekarunsa, hannuwansa duk sun yi kanta. Ya gane ni tun daga nesa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi mahaifiyarki, ya tambaye ki, ya yi miki addu'ar zaman lafiya. Har ya fara ce mini sobajo. Na zauna na faɗa masa komai, tun daga maganar Misye Toma har ranar da na ari allon Madam Polin. Ina tsammanin zai yi faɗa, ko ya yi kuka, ko ya ce ya yafe, duk na shirya musu.

Sai ya tambaye ni wace shekara ce na ari allon. Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsunsa a hankali, ya ce:

"Cewa allonka ne, wannan na sani tun ranar. Abin da ban sani ba shi ne kai ma ka sani. Duk shekarun nan idan Jenabu ta kawo maganarka ina ce mata ta yi maka uzuri, Sule bai sani ba."

Ya tashi ya naɗe buhunansa. Ya ce rana ta yi, kada in rasa motar Garwa. Ya raka ni har bakin hanya kamar yadda ake raka kowane baƙo, ya ce Malam Sule a sauka lafiya. Bai ce ya yafe ba, ba ni kuma da bakin da zan ce ya faɗa.

Mahaifiyarki ba ta sani ba tukuna. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zaunar da ita in gaya mata. Idan ta kira ki tana kuka, kada ki ba ta haƙuri a madadina, ki bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, tana da gaskiya. Ke ma idan kin ga kimata ta ragu a idonki, ba zan ce kin yi rashin kunya ba.

Allah ya yi miki albarka, Mamana. Ya tsare ki a gida da hanya, ya tsare mijinki idan ya hau ruwan tafkin Lagdo, ya sa hannunki ya zama alheri ga duk wadda ta zauna a gaban kyamararki. Ya ba ki maƙwabtan da za su gaya miki gaskiya, ya ba ki kunnen da ni ban samu ba. Ki sa Baffa Hamadu da Goggo Jenabu a addu'arki kafin ki sa ni.

Ni ne mahaifinki,
Sule mai hoto.